Van Kirk, mai lissafin hanyar jirgin Hiroshima: yadda aka yi aikin da abin da ya biyo baya

Malam Sada:
Assalamu alaikum. Duk sanda aka ɗauko zancen bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa a birnin Hiroshima na Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, sunan Paul Tibbets ake fara kira, don shi ne matuƙi, kuma sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, aka rubuta a hancin jirgin. Wanda nake so mu tattauna a kansa shi ne mutumin da ke zaune a bayansa da fensir da agogo, Theodore Van Kirk, wanda abokan aikinsa ke kira Dutch. Shi ne nabigeta, mai lissafin hanya. An haife shi ranar 27 ga Fabrairun 1921 a Northumberland ta jihar Pennsylvania, ya shiga horon sojan sama a Oktoban 1941, ya fito hafsa a Afrilun 1942. Ranar da aka jefa bam ɗin, 6 ga Agustan 1945, shekarunsa 24. Sun tashi daga tsibirin Tinian da ke tekun Fasifik ƙarfe 2:45 na dare, an tsara a saki bam ƙarfe 9:15 agogon Tinian, wato 8:15 agogon Japan. Tafiyar awa shida da rabi, sama da mil 1,500, kusan duk a kan teku, amma lattin da suka yi bai wuce sakan goma sha wani abu ba. Babu GPS, babu kwamfuta. Masu sanin aikin, a warware mana.

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malam. Tushen aikin abu uku ne: ina hancin jirgi ya dosa, da wane gudu yake tafiya, minti nawa ya yi a hanya. In ka san ukun nan kuma ka san inda ka taso, sai ka ɗiga alama a taswira ka ce ga inda nake. Da a tsaye iska take da magana ta ƙare. To ita ma iskar tafiya take yi, kamar mai fito ya nufi tsallake ruwa na jan kwalekwalensa gangare. Jirgin da ke gudun mil 200 a awa, iskar gefe mai mil 30 na bugunsa, zai riƙa zamewa kusan digiri 9 daga layinsa, in ba a gyara ba bayan awa ɗaya yana mil 30 a gefe. Ƙa'idar da kowane nabigeta ya haddace ita ce, kuskuren digiri ɗaya bayan mil 60 ya zama mil ɗaya. Daga Tinian zuwa Japan digiri ɗaya tak ya kai mil 25.

Allurar gudu ma ba ta faɗin gaskiya kai tsaye. Matsin iskar da ke shiga ɗan bututun da ke jikin jirgi take aunawa, iska kuwa tana yin sako-sako in an yi sama. Kusan kashi 2 cikin ɗari ake ƙarawa a kan kowace ƙafa 1,000. Jirgin yaƙi B-17 da allurarsa ke nuna 150 a tsayin ƙafa 25,000, ainihin gudunsa ya kai wajen 220. Kamfas kuma gyara biyu yake so. Na farko bambancin arewar maganaɗisu da arewa ta haƙiƙa, wanda ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, yana nan a rubuce kan taswira. Na biyu ruɗin da ƙarafan jirgin da wayoyin lantarkinsa ke sa wa allurar, wannan a ƙasa ake auna shi, a rubuta a kati a manna kusa da kamfas ɗin. Lissafin duka da E-6B ake yi, wani faifai mai juyawa da ake riƙewa a hannu, wanda ɗaliban tuƙin jirgi ke koyo da shi har gobe.

Ɗanlami:
Baba Injiniya, ita iskar fa? Mutum na cikin jirgi a rufe, ta yaya zai san ƙarfinta da inda ta fito?

Kyaftin Isa:
Ƙanena, akwai na'urar auna zamewa. Madubin hange ne da ke leƙa ƙasa ta cikin jirgin, da layuka a jere a cikinsa. Ka zaɓi wani abu a ƙasa, dutse ko gida ko kumfar igiyar ruwa, ka juya layukan har abin ya riƙa tafiya daidai da su ba ya tsallaka su, sai ka karanta digirin a gefe. Karatu ɗaya zamewa kawai yake ba ka. In kana son iskar gaba ɗaya, sai matuƙi ya karkata digiri 45 dama na minti ɗaya zuwa biyu ka karanta, ya juya digiri 90 hagu na daidai wannan lokaci ka karanta, sannan ya koma hanya. Karatu uku ke nan har da na hanyar asali. Ka zana su a bayan E-6B, inda layukan suka haɗu nan ne alkiblar iska da ƙarfinta.

Inda abin ke ɓaci: gajimare ya rufe ƙasa, ko teku ta kwanta lumui babu kumfa, ko dare. Da dare ana jefa ɗan abu mai ci da wuta a kan ruwa a auna da shi, amma kusa da abokan gaba ba a yi. Kuma jirgin da ke cikin jerin gwano ba shi da ikon karkace-karkacen nan, sai na gaba. Shi ya sa nabigetan jirgin da ke jagora ne ke ɗauke da nauyin kowa, na baya aikinsu su riƙa bin sawu a taswira don in an harbi injinsu suka fita daga jeri su san hanyar gida. Da yawa sun yi sakaci da wannan, sai ranar da suka tsinci kansu su kaɗai a kan Faransa.

Malama Kulu:
Ku ba ni taurari, don a daren nan Van Kirk ya yi amfani da su. A B-29, irin jirgin da suka kai bam ɗin da shi, akwai ɗan ƙoƙon gilashi a rufin jirgi, bakin ramin da ke ratsa saman ɗakin bama-bamai. Nan yake tsayawa da sekstan, na'urar auna tsayin tauraro. Na jirgin ruwa da bakin sararin teku yake aiki, na jirgin sama kuwa kumfa ce a cikin ruwa take tsaya masa a matsayin bakin sararin. Kumfar nan ba ta zama wuri ɗaya, duk motsin da jirgi ya yi sai ta bi, don haka ba a yarda da aune ɗaya. Ana riƙe tauraron a tsakiyar kumfa kamar minti biyu a ɗauki matsakaici, kuma a roƙi matuƙi ya riƙe jirgin cak, kada ya taɓa komai.

Tauraro ɗaya layi ɗaya yake ba ka a taswira, kana wani wuri a kan layin, ba ka san ina ba. Sai ka auna uku da ke nesa da juna, kamar digiri 120 tsakaninsu. Kafin ka gama na uku jirgi ya ci mil da yawa, tunda yana cin mil uku zuwa huɗu a minti, dole ka matsar da layukan farko gaba su dace da lokacin na ƙarshe. Sai su ba ka ƙaramin alwatika, kana cikinsa ko kusa da shi. In ka samu kuskuren da bai wuce mil biyar zuwa goma ba, ka yi ƙoƙari. Abin da ya fi kashe aikin shi ne agogo. Duniya na juya digiri 15 a awa, don haka kuskuren sakan huɗu a agogonka mil ɗaya ne na teku a yankin tsakiyar duniya. Shi ya sa kafin tashi ake tara ma'aikata a daidaita agogo har sakan. Sai kuma kuskuren ɗan Adam, ka auna wani tauraro ka buɗe tebur a shafin wani, ko ka manta agogon Greenwich ya riga ya shiga wata rana. Gamzaki da wata ma suna cikin littafin, ana auna su in sun samu. Da rana kuwa rana kaɗai gare ka, layi ɗaya.

Malam Sada:
Madalla. Kuma Van Kirk ba a Fasifik ya koyi aikin ba. Runduna ta 97 ta masu jefa bam aka kai shi, ita ce rundunar Amurka da ta fara kai B-17 fagen daga daga Ingila a Agustan 1942. Jirginsu Red Gremlin, Tibbets na tuƙi, Thomas Ferebee na saitin bam, shi yana lissafi. Tsakanin Agusta da Oktoba sun kai hari 11 daga Ingila. Mazaunin nabigeta a B-17 cikin hanci ne, bayan mai saitin bam, ba matsin iska, ba ɗumi. A ƙafa 25,000 sanyi na kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri, numfashi na daskarewa a bututun takunkumin iska ya toshe shi, in mutum bai lura yana matsa bututun yana fasa ƙanƙarar ba, cikin 'yan mintoci zai sume bai sani ba. A hakan zai cire safar hannu mai kauri ya riƙe fensir. In jiragen Jamus sun taso kuma ya ajiye fensir ya kama bindigar gefen hanci, ya dawo ya ƙiyasta juye-juyen da matuƙi ya yi lokacin da ba ya kallo.

Abin da ya nuna yadda aka yarda da su: a Oktoban 1942 su suka kai Janar Mark Clark Jibralta, daga can jirgin ƙarƙashin ruwa ya kai shi gaɓar Aljeriya ganawar sirri da hafsoshin Faransa. Ranar 5 ga Nuwamba kuma suka kai Janar Eisenhower kansa, babban kwamandan aikin, kwana uku kafin a sauke sojoji a Arewacin Afirka. Yanayi ya ɓaci ranar, ƙasa-ƙasa suka bi a kan ruwa, suna nesa da gaɓar Faransa saboda jiragen Jamus, ba damar yin magana a rediyo. Bayan nan rundunar ta koma Aljeriya, ranar 16 ga Nuwamba suka jagoranci hari kan filin jirgin Sidi Ahmed a Bizerte ta Tunisiya. Ya koma Amurka a Yunin 1943 da hari 58 a lissafinsa, aka mai da shi malamin nabigetoci.

Alhaji Mamman:
Tunda an zo Arewacin Afirka, ga misalin abin da ke faruwa in lissafi ya kuɓuce. B-24 mai suna Lady Be Good ya tashi daga Soluch kusa da Bengazi ranar 4 ga Afrilun 1943 zuwa Naples, mutum tara a ciki, harinsu na farko. A dawowa cikin dare iska na tura su ta baya, sun iso da wuri fiye da zatonsu, suka wuce saman sansanin ba su gani ba. Sun nemi tashar ƙasa ta ba su alkibla. Irin eriyar zoben da ake amfani da ita tana nuna layin da sigina ke bi, amma ba ta bambance gaba da baya, karatun jirgin da ke tahowa daga teku da na wanda ya riga ya wuce ya shiga hamada iri ɗaya ne. Suka ci gaba da tafiya kamar awa biyu har mai ya ƙare, suka diro da laima suna zaton teku ce a ƙasa. An ga jirgin a 1958, wajen mil 440 cikin hamadar Libiya, gawarwakin kuma sai 1960. Sun yi ta tafiya arewa a ƙafa da rabin gorar ruwa.

Maganin ruɗin nan sananne ne: ka karkata digiri 90 na wasu mintoci ka sake neman alkibla, ɓangaren da karatun ya matsa shi zai gaya maka ko tashar na gabanka ko bayanka. Aune ɗaya na tauraron arewa, Polaris, ma ya isa ya nuna sun yi kudu da yawa.

A gefe guda, nabigetocin Amurka da dama sun san hamadar nan ta wajenmu. Jiragen da ake kaiwa Masar da Indiya ta Brazil suke bi, su tsallaka Atlantika zuwa Accra, sai Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce N'Djamena yanzu, El Fasher, Khartum. Lokacin hunturu ƙura na rufe ƙasa, na'urar zamewa ba ta ganin komai. Shi dai Van Kirk ba ta nan ya bi ba.

Ɗanlami:
To me ya kai shi ga bam ɗin nukiliya, tunda ya riga ya gama nasa yaƙin?

Injiniya Bello:
Tibbets ne ya nemo shi. Da aka ba Tibbets runduna ta 509 a ƙarshen 1944 an ba shi dama ya zaɓi mutanensa, ya kira Ferebee da Van Kirk zuwa Wendover a jihar Utah. Jiragensu B-29 ne da aka yi wa gyara na musamman, aka cire sulke da dukan bindigogi sai na wutsiya, don a rage nauyi su iya hawa sama da ƙafa 30,000 da bam mai nauyin kusan kilo 4,400. Sun yi ta jefa bama-baman gwaji masu siffa da nauyin bam ɗin plutoniyam irin wanda aka jefa a Nagasaki, sun yi atisayen doguwar tafiya kan teku daga Kyuba, abin da ya fi shafar nabigetoci ke nan, domin a wannan aiki babu jerin gwano, kowane jirgi da kansa zai nemo hanya.

Atisayen da ya fi muhimmanci shi ne juyin tserewa. Bam in an sake shi yana ci gaba da tafiya gaba da gudun jirgin, in ka miƙe to kana bin sa ne, zai fashe kusan ƙarƙashinka. Sai a kwantar da jirgi a juya digiri 155 a dulmiya kaɗan don ƙarin gudu, wutsiya ta kalli wurin fashewa. Sakan 43 ne tsakanin saki da fashewa. Lokacin da bugun iskar ya riske su suna kusan mil 11 daga wurin, duk da haka ya girgiza jirgin.

Kyaftin Isa:
Malam Sada, zan ɗan ja da maganar sakannin nan, ba don rage wa mutumin daraja ba. Ba a makance ya yi awa shida da rabi ba. A duba tsarin tafiyar. Sun fara da ƙasa-ƙasa, ƙasa da ƙafa 5,000, don masu kula da bam ɗin, William Parsons da Morris Jeppson, su shiga ɗakin bam da ba shi da matsin iska su ƙarasa haɗa shi. Ba a haɗa shi a ƙasa ba saboda injinan B-29 sun yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta, an ga jirage sun faɗi a bakin titin Tinian. Wajen ƙarfe shida suka iso Iwo Jima, mil 700 da ɗoriya daga Tinian, suka haɗu da jirage biyu masu rakiya, na awo da na hoto. Tsibiri ne da dutsen Suribachi a tsaye, ana ganinsa da ido. Duk kuskuren da ya taru cikin dare a nan ya goge. Saura mil 850. Jiragen B-29 na ɗauke da LORAN, wanda ke auna tazarar isowar sigina daga tashoshi biyu ya ba ka layi ko da gajimare, akwai kuma rada da ke zana gaɓar tsibirin Shikoku na Japan tun daga nesa. Ga shi Agusta ne. Guguwar saman nan mai haura mil 150 har 200 a awa, wadda ta wahalar da masu kai hari Tokyo a hunturun 1944, ba ta da wannan ƙarfi a bazarar Japan. Minti uku na ƙarshe kuma a hannun Ferebee suke, na'urar saitin Norden ce ke jan jirgin.

Malama Kulu:
Kyaftin, duk gaskiya ne, amma sanin inda kake daban, isa wuri a kan minti daban. Na biyun shi ne gwanintar. Hawan daga ƙafa 9,000 zuwa 31,000 da jirgi mai nauyi haka, gudu na canzawa, iska na canzawa a kowane mataki, dole ka riƙa sabunta lokacin isa kana gaya wa matuƙi ya ƙara ko ya rage tun da sauran nisa. In ka yi gaba da lokaci da sauƙi: karkata digiri 60 na minti biyu, juyo digiri 120 na minti biyu, ka dawo kan layi ka zubar da minti biyu cif. In ka yi latti kuwa sai ƙarin wuta, wuta kuma mai take sha, ga mil 1,500 na komawa. A gudun mil 330 a awa, sakan 15 bai kai mil ɗaya da rabi ba.

Kyaftin Isa:
Na yarda da wannan, Malama. Wanda ke son ganin bambanci ya dubi 9 ga Agusta, ranar da aka jefa bam na biyu. Jirgin Bockscar, Charles Sweeney na tuƙi. Tun a ƙasa aka gano famfon tankin ajiya ya lalace, galan 600 da wani abu na mai suna nan amma ba sa jawuwa. A mahaɗarsu ta Yakushima an ce kada a jira fiye da minti 15, suka yi ta zagaye kusan minti 45 suna jiran jirgin hoto da bai bayyana ba. Kafin su isa Kokura, garin da aka fara nufa da bam ɗin, hazo da hayaƙi sun rufe gari, suka shiga sau uku ba su ga wurin saiti ba. Suka juya Nagasaki da rada, bam ya faɗa kwarin Urakami nesa da inda aka nufa, suka sauka Okinawa injina na mutuwa don rashin mai. Kayan aiki iri ɗaya, horo iri ɗaya. Riƙon lokaci ne ya bambanta.

Ɗanlami:
Akwai masu cewa yuraniyam ɗin bam ɗin daga Nijar aka haƙo shi. Haka ne?

Alhaji Mamman:
A'a ɗana. Mafi yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ne a Katanga, Kwango ta hannun Beljiyam. Na Nijar sai 1957 aka gano shi a Azelik, haƙar Arlit kuma 1971 ta fara. Kilo 64 aka zuba a bam ɗin Hiroshima, wanda ya ƙone a fashewar bai kai kilo ɗaya ba, ƙarfinsa kamar tan 15,000 na nakiya.

Hajiya Rabi:
Ina ta karanta ku, kuna ta sakan da digiri, babu wanda ya faɗi abin da ke ƙarƙashin jirgin. Gadar Aioi da aka saita tsakiyar gari take, an zaɓe ta don siffarta ta harafin T tana fitowa sarai daga sama. Bam ya kauce da kamar mita 240 ya fashe a saman wani asibiti, mita 600 daga ƙasa. Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin, dubban 'yan makaranta na waje an fito da su rushe gidaje don yanke hanyar gobara. Akwai 'yan Koriya da aka kawo aikin dole. Hukumar birnin ta ƙiyasta mutum 140,000 ne suka mutu kafin ƙarshen 1945. Gwanintar da kuke yabo ita ta kai abin kansu a kan lokaci.

Malam Sada:
Hajiya, maganarki na kan hanya, kuma shi kansa an yi masa tambayar nan har ya tsufa. Amsarsa ba ta canza ba: a ganinsa bam ɗin ya gajarta yaƙi ya hana mamayar Japan da za ta ci rayuka masu yawa, mafi yawansu ma Japanawa. Masu wannan ra'ayi na nuna Okinawa, inda Amurkawa sama da 12,000 suka mutu, Japanawa soja da farar hula kuwa suka ninka haka sau da yawa. Suna kuma cewa Hiroshima ce hedikwatar rundunar da ke tsaron kudancin Japan, ga tashar jiragen ruwan soja ta Ujina. Amma a hirar da ya yi da kamfanin dillancin labarai na AP a 2005 ya ce yaƙi ba ya warware komai, makaman nukiliya ma haka, kuma zai so a kawar da su gaba ɗaya.

Hajiya Rabi:
To ai Eisenhower ɗin da ya kai Jibralta, shi da kansa ya ce daga baya bai ga larurar jefa shi ba. Admiral William Leahy, babban hafsan fadar shugaban ƙasa a lokacin, shi ma haka ya rubuta. Kuma Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi kan Japan ranar 8 ga Agusta, washegari ta afka Manchuriya, masana tarihi da dama na ganin wannan ya girgiza shugabannin Japan daidai da bam ɗin ko fiye. Ban ce Van Kirk ne ya yanke hukunci ba, shugaban Amurka Truman ne da mutanensa. Amma mutum ya shekara kusan saba'in yana cewa da za a maimaita yanayin zai sake yi, wannan nasa ne.

Injiniya Bello:
A nan dai ba za mu daidaita ba, ranki ya daɗe, masana ma ba su daidaita ba. Abin da za a iya gyarawa shi ne jita-jitar cewa ma'aikatan jirgin sun haukace ko sun kashe kansu. Tushenta Claude Eatherly ne, matuƙin Straight Flush, jirgin duba yanayi da ya riga su isa ya aiko da saƙon cewa gajimare kaɗan ne. Shi ne ya yi ta shiga asibitin masu taɓin hankali da hannun 'yan sanda bayan yaƙi, jaridu suka riƙa kiransa matuƙin Hiroshima alhali bai ga fashewar ba. Ferebee ya rasu a 2000, Tibbets a 2007, Jeppson a 2010, duk da tsufansu.

Van Kirk ya halarci gwajin nukiliya na tsibiran Bikini a 1946, inda wani ayarin daban aka ba jefawa, bam ɗin 1 ga Yuli kuma ya kauce wa jirgin ruwan da aka saita da kusan mita 650. A Agustan shekarar ya ajiye kaki da muƙamin manjo. Ya shiga Jami'ar Bucknell ya karanta injiniyancin sinadarai, digiri na farko 1949, na biyu 1950. Zamanin ne da dokar tallafin tsofaffin sojoji ta 1944 ke biyan kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, jami'o'i suka cika da waɗanda suka dawo daga daga. Daga nan kamfanin DuPont, shekara 35 a ɓangaren bincike da kasuwanci, ya yi ritaya a 1985. Ya rasu ranar 28 ga Yulin 2014 a Stone Mountain ta jihar Jojiya yana da shekara 93, shi ne na ƙarshe cikin mutum 12 da ke jirgin.

Malama Kulu:
Takardar lissafin da ya cika a tafiyar ma tana nan. Ya sa ta gwanjo a Oktoban 2007, aka saye ta dala 358,500. Irin takardar nan layi-layi ce: lokaci, alkiblar kamfas, zamewa, tsayi, zafin iskar waje, gudun allura, gudun ƙasa, lokacin isa, sai gurbin bayani a gefe. Ana cika ta a kai a kai ko babu abin da ya canza, domin in komai ya ɓace daga layin ƙarshe za ka sake ginawa. Jirgin kansa yana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian kusa da filin jirgin Dulles tun 2003.

Ɗanlami:
Yanzu akwai sauran masu wannan aiki, ko na'ura ta cinye shi?

Kyaftin Isa:
A jiragen fasinja ya mutu tun kafin GPS. Abin da ya kashe shi na'urar da ke auna motsin jirgi da kanta ce, gyroskop da ma'aunin hanzari, ka shigar mata da inda kake a ƙasa kafin tashi, ita kuma ta yi ta tara lissafin da Injiniya ya bayyana, sakan bayan sakan. Boeing 747 ya fara ɗaukar fasinja a 1970 da irinta guda uku, babu kujerar nabigeta. Ita ma tana tara kuskure, kamar mil ɗaya zuwa biyu a kowace awa, shi ya sa ake sa uku su riƙa duba juna, kuma in matuƙi ya shigar da lambar wuri ba daidai ba za ta kai shi inda ya rubuta ba tare da gardama ba. A soja kuwa B-52 har yanzu yana da masu wannan kujera a benen ƙasa, sai dai an haɗa musu da aikin rada da makamai.